Baƙin Tabo a Dasashin Mai Magani

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba, kuma mamacin maƙwabcinmu ne. Matarsa Radiyya ce ta ce in rubuta, in dai ban faɗi sunansa ba.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a Agege mai tallar magani a tashar danfo, motocin hayar nan na Legas. Garin magani iri ɗaya yake ƙullawa, ya yi ta rantsuwa da Allah cewa ba cutar da ba ya kashewa. In ya ji wani zai je asibiti sai ya ce, "Oga, can fa feɗe ka za su yi kamar ragon layya." Da yawa sun fasa zuwa saboda rantsuwarsa. Shi kuwa ya san ƙarya yake yi.

Wata rana Radiyya ta ga baƙin tabo a dasashinsa na sama, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce rinin goro ne. Ya dirje da asuwaki, bai fita ba. Tunda ba ya zafi, sai ya share.

Sai da haƙori ya fara girgiɗi, jini yana tsattsafowa, sannan ya saci jiki ya tafi asibiti a Idi-Araba. Aka ɗan yanki naman aka auna. Likita ta ce ciwon daji ne, irin wanda aka fi sani a fata, da wuya ya fito a baki. Ta ce a yanke wurin tun bai bazu ba, a bi da gashin wurin da na'ura.

Yana fitowa ya hango wani direba, mai sayen maganinsa, ya kawo mahaifiyarsa. Mai maganin ya rufe fuska da hula ya sulale. Wata bakwai bai koma ba, yana ta cusa garinsa a baki. Wuƙar likita yake tsoro? A'a. Kada a ce a tasha mai magani ya kwanta asibiti.

Da ya koma, ciwon ya sauka wuya, ya kai huhu. Likita ta ce sai dai a rage masa raɗaɗi. Bai ƙara wata biyu ba.

Ya 'yan uwa, cuta ba hukunci ba ce, salihai ma suna kamuwa. Amma ƙaryar da ya hana mutane magani da ita, ita ta hana shi. Allah ya gafarta masa, mu kuma ya kiyaye mu da harsunanmu.

Washegarin jana'iza da safe na kunna fitilar waya, na durƙusa gaban babana na ce ya buɗe baki. Ya ce, "Yau kuma likita muka samu a gidan?" Ya ajiye goron ya buɗe.