Baba Timothy a Jim ɗin Oga Ifeanyi

Akwai wani dattijo a Makera da ake kira Baba Timothy. Mutumin Filato ne, ya yi shekara ashirin da takwas yana aikin masaƙa a Kakuri. Mutum ne mai kuzari, har ranar da hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Da aka sallame shi daga asibiti, likita ya ce magani kaɗai ba zai wadatar ba, sai ya riƙa motsa jiki kullum. Maƙwabciyarsa Madam Dorcas, mai sayar da garin kwaki, ita ta kai shi wurin motsa jiki na unguwa da ke nan kusa da su a Trikania, wanda kowa ke kira jim ɗin Oga Ifeanyi.

Baba ya zaci zai ga wuri irin na talabijin. Sai ya tarar da tsohon sito mai rufin kwano, da fanka biyu, da wani dogon madubi da ya tsage daga kusurwa. Oga Ifeanyi bakanike ne, shi ya haɗa yawancin ƙarafan ɗagawa da hannunsa daga tsofaffin kayan mota. Injin gudu ɗaya ne, shi ma sai an kawo wuta. Kekunan motsa jiki biyu, ɗaya yana ƙara kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

Amma wurin tsaf yake, kuma duk wanda ya shigo sai an gaishe shi da sunansa. Matan kasuwa suna tsalle a gefe ɗaya suna bin kiɗa, direbobi da malaman makaranta suna ɗaga ƙarfe a ɗaya gefen. An rataye wani tsohon wilin mota a bakin ƙofa. Duk wanda ya yi abin da jiya ya gagare shi, sai a buga wilin, kowa ya tsaya ya tafa masa.

Oga Ifeanyi ya ba Baba keke mai kyaun daga ƙarfe shida zuwa shida da rabi. Ƙafarsa ta dama ba ta tsayawa a kan feda, sai an ɗaure ta da roba. Juyi goma yake yi ya tsaya yana haki.

A cikin masu zuwa akwai Alexander, ƙaton saurayi mai shirin shiga gasar gina jiki. Wata safiya ya gaji da jiran keken, sai ya ce da ƙarfi, "Baba, nan fa ba asibiti ba ne. Ka je gida ka huta mana, ka bar masu jini a jika su yi aiki."

Baba ya kwance robar da hannun hagu, ya ɗauki sandarsa ya fita. Washegari bai zo ba.

Ƙarfe bakwai sai ga Oga Ifeanyi a ƙofar gidansa a kan mashin, da gumi a jikinsa.

"Baba, lafiya ba mu gan ka ba?"

"Ɗana, ba na son in zame wa mutane nauyi."

"Wane nauyi? Yau babu wanda ya hau keken nan. Madam Dorcas ta tsaya a kansa ta ce duk wanda ya taɓa shi sai ya gamu da ita. Hau mu tafi."

Da Alexander ya ga an dawo da Baba, ya ce wa Oga Ifeanyi ko dai tsohon ko shi. Oga Ifeanyi ya ce, "Alex, ina alfahari da kai. Amma don mutanen unguwa muka buɗe wurin nan, kuma Baba ɗan unguwa ne." Alexander ya kwashi jakarsa ya koma wani jim mai na'urar sanyaya ɗaki a Barnawa.

Baba ya ci gaba. Akwai ranakun da hawaye ke zubo masa saboda zafin kafaɗa, ya share ya sake gwadawa. A wata na biyar ya ɗaga ƙarfe mai kilo biyu da hannun dama har kafaɗarsa. Madam Dorcas ta buga wilin har sai da masu shaguna suka leƙo. Kafin shekara ta zagayo ya ajiye sanda, har shi ke nuna wa sababbin dattawa yadda ake miƙe gaɓoɓi.

Wata Asabar da safe Keke Napep ya tsaya a bakin ƙofa. Alexander ne ya fito, yana tallafe da wata mata mai jan ƙafar hagu. Mahaifiyarsa ce, Mama Hadassah. Ciwon da ya kayar da Baba shi ya kayar da ita. Ya fara kai ta sabon jim ɗinsa, aka ce masa ba su da mai kula da irin wannan.

Ya tsaya a ƙofa ya kasa ɗaga kai. Wani ya rage kiɗan. Kowa ya juya yana kallon Baba.

Baba ya ji tsohuwar maganar nan ta Alexander ta taso masa a ƙirji da zafinta. Ya dubi matar, ya ga yadda take ɓoye shanyayyen hannunta a cikin zane, kamar yadda shi ma ya taɓa yi. Ya sauko daga keke ya nufe ta.

"Mama, sannu da jiki. Wane ɓangare ne?"

Da ƙyar ta ce, "Hagu."

"Nawa dama ne. Kin ga idan aka haɗa mu biyu an samu mutum ɗaya lafiyayye."

Ta yi dariya da rabin bakinta, wurin duk ya ɗauka.

Alexander ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Ban san abin da nake faɗa ba."

"Yanzu ka sani. Tashi, ɗana, aiki ne a gabanmu. Tsaya ta hagunta. Kada ka ja ta, kada ka ce ta yi sauri. Idan ta tsaya, kai ma ka tsaya."

Daga ƙofa zuwa benci taku shida ne. Sai da suka yi kusan minti goma kafin su kai. Alexander yana ƙirga mata takun a hankali, bai ko kalli agogo ba.

Darasi: Ƙarfin da kake taƙama da shi yau ba naka ba ne har abada, don haka kada ka raina mai rauni. Idan kuma wanda ya ɓata maka ya zo da buƙata, ka taimake shi da zuciya ɗaya. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman masu jinyar iyayensu.