Babbar Rigar Alhaji a Banɗakin Sallau

Sallau mai wanki da guga yana haya a ɗaya daga cikin gidajen Alhaji Barmo. Warin funfuna ya cika masa banɗaki, har tari ya kama matarsa. Ya kai kuka.

Alhaji ya leƙa yana toshe hanci, ya ce, "Ni ban ji komai ba. Kawo mini warin har gida, sai in gyara. Ka taɓa mini bango kuwa, ka kwashe komatsanka."

"An gama, ranka ya daɗe."

To, Sallau ne ke wa Alhaji wanki. Ya wanke babbar rigarsa ta Juma'a, ya shanya ta a banɗakin kwana uku, ya goge, ya aika.

Ana saukowa daga masallaci sai ga Alhaji afujajan. "Sallau! Wane irin wari ne wannan? Sahu guda aka bar mini ni kaɗai!"

Sallau ya shinshina rigar. "Wari, Alhaji? Ni ban ji komai ba. Ai a banɗakinka mai ƙamshi na shanya ta. In tana wari, to saƙonka ne ya iso gida. In ba ta yi, ga sauran rigunanka biyar can a rataye."

Kafin la'asar mai gyaran famfon da Alhaji ya turo ya fasa bangon, ya tarar da bututu yana yoyo.

Sallau ya ce, "Ikon Allah! Ashe hancin Alhaji sai ranar Juma'a yake buɗewa."