Idanu Biyu a Saman Bishiya

Akwai wani mafarauci a tsaunukan Kentucky, sunansa Dewey Caudill. Shekara goma sha tara yana shiga gasar farautar rakun, 'yar dabbar nan mai zobe-zobe a wutsiya, amma bai taɓa ɗaukar kofi ba.

A gasar ba a kashe dabba. Mutum huɗu ne ke sakin karnukansu cikin daji da dare. Karen da ya kora rakun sama ya tsaya yana haushi a gindin bishiya, sai a haska tocila. In mafi yawansu sun ga rakun ɗin, kare ya ci maki. In ba a gani ba, a rage masa, a ce ya yi ƙarya.

Maƙwabcin Dewey, tsoho Harlan Sizemore, shi ya koya masa farauta. Yana da karya mai suna Pearl, wadda duk gundumar ta shaida ba ta taɓa haushin banza ba. Tun rasuwar matarsa, da Pearl yake raba burodin masararsa.

Ranar gasar ƙarshe suka faɗa rukuni ɗaya. Harlan yana ta tsokanarsa, wai karen Dewey ya fi gwaninta a bakin kwano.

Saura minti goma a tashi, Dewey na gaba da maki kaɗan, sai Pearl ta tsaya ita kaɗai a gindin wata doguwar bishiya. Aka haska. Mutum ɗaya ya ce ya gani, ɗaya ya ce bai gani ba. Harlan kuwa idonsa ya yi rauni, ya yi ta ɗaga kai har wuyansa ya ƙage.

Dewey ya gani. Idanu biyu jajaye, can a tsakanin rassa.

"Yaro, idonka ya fi nawa," in ji Harlan. "Me ke sama?"

"Ganye ne kawai, Kawu Harlan."

Tsohon bai yi musu ba. Ya kama wuyan Pearl ya finciko ta daga bishiyar, ya daka mata tsawa a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya miƙa wa Dewey hannu ya taya shi murna.

Dewey ya kai kofi gida. Matarsa ta goge shi ta ɗora a kan kabad, shi kuwa ya daina zama a falon.

Sai da ya yi mako biyar kafin ya iya taka gidan Harlan. Ya same shi zaune a baranda, sarƙar kare na yashe a ƙasa. A tsaye ya faɗa masa komai.

Harlan ya ce ya ɗauka tsufa ne ya lalata wa Pearl hanci, kuma bai so mutane su riƙa yi mata dariya ba. Don haka ya kai ta kasuwar karnuka ya ba wani mai a-kori-kura kyauta. Ko sunan mutumin bai tambaya ba.

"Zan mayar da kofin, Kawu. Zan faɗa wa kowa."

"Mayar," in ji tsohon. "Amma ni ba ka yi mini komai ba. Ita ce ta faɗi gaskiya, na yarda da kai na ƙaryata ta. Da motar ta tashi, tana kallona."

Dewey ya mayar da kofin, aka kore shi daga ƙungiyar mafarauta. Duk Asabar ya riƙa bin kasuwannin karnuka da hoton Pearl, har jihohi uku. Wani ya ce kamar ya gan ta, wani ya ce karnuka masu wannan launi sun fi dubu.

Harlan ya rasu da sanyin shekara ta biyu, bai sake kiwon kare ba. Dewey kuwa bai samu Pearl ba.

Darasi: Ƙaryar da ka yi don ka ci gasa ba a kan abokin takararka kaɗai take sauka ba, har kan wanda ba shi da bakin kare kansa. Tuba yana da kyau, amma ba kullum yake dawo da abin da ya tafi ba. In aka tambaye ka me ka gani, faɗi a lokacin. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.