Kafintan da ya raina barci

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, kafinta, wanda Allah ya hore wa hannu. In ya haɗa maka ƙofa, sai ka nemi inda ya buga ƙusa ka rasa. Ba ya ha'inci, ba ya saɓa alkawari. Laifinsa guda ne: ya raina barci, har yana alfahari da hakan. In ya ga mutum ya kishingiɗa da rana sai ya ce ga rago. Abokan sana'a suka laƙaba masa Ido-biyu, gogan naka kuwa ya ɗauka kirari ne.

Kowa ya kawo aiki sai ya karɓa. Ya kwana yana gogar katako, ya wayi gari yana awo, ya kora da shayi mai kauri. Da shayin ya daina yi masa, sai ya koma shan ƙwayar hana barci.

Jiki ya fara yi masa gargaɗi. Ciwon kai ya zo, mantuwa ta biyo baya. Ya auna katako, kafin ya ɗauko zarto ya mance awon. Mutumin da 'ya'yansa ke rige-rigen tarbarsa ya zama da sun ji sallamarsa kowa zai nemi lungu, saboda faɗa.

Matarsa ta ce, "Maigida, don Allah ka ɗan runtsa. Jiya fa kana cin abinci cokali ya suɓuce maka."

Ya ce, "In na kwanta, ke za ki gama musu aikin?"

A shagonsa akwai injin yankan katako. Duk kafinta ya san in katako ya zo ƙarshe ba a tura shi da hannu, guntun itace ake sawa a ƙarasa. Shi da kansa ya sha koya wa mutane wannan. Wata rana da hantsi yana tsaye gaban injin, idonsa a buɗe, barci ya fizge shi na ƙiftawar ido. Guntun itacen yana nan a gefensa, amma da hannu ya tura.

Yatsu uku na hannun dama suka tafi. Ina ƙwarewar? Ina alfaharin? Daga ranar bai ƙara riƙe zarto ba.

A gadon asibiti ya yi barcin da ya daɗe yana gudu. Da ya farka ya ga matarsa tana hawaye, sai ya ce, "Daina kuka, ki taya ni godiya. Da safen nan fa ni na kai yaran makaranta a kan babur. Da a hanya barcin ya ɗauke ni fa?"



Ya 'yan uwa, barci ni'ima ce da Allah ya ba mu kyauta, mai kuɗi da talaka. Jiki amana ne, hana shi hutu zalunci ne, ko da sunan neman halali. Wanda ya samu ya kwanta lafiya ya tashi lafiya, hankalinsa garau, to ya gode wa Ubangijinsa.

Allah ya sa mu san darajar ni'ima tun tana hannunmu, ya kiyaye mu da iyalanmu. Amin.