Kamfanin da Munzali Ya Zaɓa wa Maƙwabcinsa

Malam Munzali ma'aikacin gwamnati ne a Birnin Kebbi, yana zaune a unguwar Badariya da matarsa Sauda da 'yarsu Fiddausi. Mutum ne mai fara'a da son jama'a, amma yana da hali guda da ya ɓata shi: bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Ko maganar magani aka kawo, ko ta shari'a, ko ta takin zamani, Munzali yana da amsa. Ga shi da ƙyuyar bincike. Abin da ya tsinta a majalisa da safe, shi zai faɗa da yamma kamar a littafi ya karanto.

Katanga ce kawai tsakaninsa da Shadrach, mutumin Filato da ya daɗe a garin yana gyaran injin ban-ruwa. Manoman shinkafar Zauro da Ambursa duk sun san shi. Matarsa Caroline tana sayar da kayan miya, 'yarsu Joyce kuma ta fara makarantar koyon aikin jinya.

Da wani abokin sana'ar Shadrach ya rasu, Shadrach ya ga yadda iyalin mamacin suka tagayyara, sai hankalinsa ya tashi. Ya sami Munzali a ƙofar gida.

"Malam, aikin nan namu kullum kan babur ko cikin kwale-kwale," in ji shi. "Na ji akwai inshorar rai ta wa'adi. Mutum zai riƙa biya duk wata har shekara goma, in ya mutu cikin wa'adin su ba iyalinsa kuɗi mai kauri. Ina so in yi saboda karatun Joyce. Kamfani biyu suka neme ni, ni kuma karatuna bai yi nisa ba. Ka duba mini wanda ya fi aminci."

Munzali ya ce, "Wanga ai ƙaramin aiki ne. Bar shi hannuna."

Kamfani na farko daɗaɗɗe ne. Sai an je asibiti an auna mutum, an yi masa tambayoyi barkatai, kuɗin watansu kuma da ɗan nauyi. Na biyu sabo ne, ofishinsa a Argungu. Ba gwaji, ba dogon zance, ga araha. Wakilinsa wani ne Atiku, wanda suka yi sakandare tare da Munzali.

Atiku ya zo har gida da kwalin bandar kifi, ya zauna yana zuba zaƙin baki. "Ai irinku ba a yi muku bayani, ku ka koya muna aiki." Kan Munzali ya kumbura.

Bayan ya tafi, Sauda ta ce, "Malam, ka tambayi hukumar inshora ko kamfanin ga na da lasisi? An ce ko ta waya ana iya ji."

"Ke mi kika sani ga harkar inshora? Atiku tare munka tashi."

Bai kira kowa ba. Da Shadrach ya dawo ya tambaye shi, "Malam, ka bincika?" sai ya amsa ba ko ɗar, "Na bincika sarai. Ɗauki na Argungu. Waɗancan tsada kawai gare su."

Shadrach ya sa hannu, ya shiga biya. Ba ya bari wata ya wuce shi, ko da kuwa aiki ya yi ƙasa.

Ana nan, wata rana ya leƙo da damuwa a fuskarsa. "Malam, Atiku ya ce in daina zuwa ofis, in riƙa turawa asusunsa ta waya. Haka ake yi?"

A nan ya kamata Munzali ya ce, maƙwabci, tsaya, gaskiya ban taɓa bincikawa ba. Amma ya tuna yadda ya cika baki, kunya ta rufe shi. Ya yi murmushi ya ce, "Haka zamani ya koma. Kada ka damu."

A daminar shekara ta uku kogin Rima ya cika ya batse. Manoman Zauro suka kira Shadrach ya taimaka a kwashe injuna daga fadama kafin ruwa ya cinye su. A hanyar dawowa kwale-kwalen ya kife. Aka ceto mutane, ba a sami gawar Shadrach ba sai washegari.

Bayan an gama zaman makoki, Caroline ta roƙi Munzali ya raka ta Argungu. A mota take gaya masa, "Baban Fiddausi, kullum maigidana yakan ce ko ya mutu Joyce za ta gama karatu. Wannan ne kawai ke sanyaya mini zuciya."

Munzali ya kau da kai yana kallon gonaki.

Da suka isa, suka tarar ofishin ya koma shagon ɗinki. Telan ya ɗago kai ya ce, "Masu inshora? Tun bara sunka kwashe. Ba ku ne na farko da kunka zo nemansu ba."

Wayar Atiku a kashe. Nan bakin shagon Munzali ya kira hukumar da Sauda ta ce ya kira tun farko. Ba a ɓata lokaci ba aka gaya masa ba a taɓa ba kamfani mai wannan suna lasisi ba.

Caroline ta dube shi. "Ko dai su ne suka yi kuskure? Ai ya ce mini ka bincika."

Munzali ya durƙusa a gabanta cikin jama'a, hawaye na zuba. "Maman Joyce, ban bincika ba. Ƙarya na yi mishi. Har ya dawo da shakka, na sake yi mishi wata."

Caroline ta ce, "Da ka ce ba ka sani ba, da ya tambayi wani. Kai kaɗai ya yarda da kai a garin nan."

Ta juya ta nufi tasha. Mota daban suka shiga.

Joyce ta bar makaranta a ƙarshen zangon nan, ta koma taya uwarta zaman kasuwa. Munzali ya sayar da babur ɗinsa ya aika Sauda da kuɗin. Caroline ta karɓa saboda yarinyar, amma bai kai ko'ina ba. Ya daina zama majalisa, ya rame, ya zama mai yawan shiru. Abin da ya fi ci masa rai shi ne uwar ba ta taɓa gaya wa Joyce abin da ya faru ba. Kullum da safe in za ta wuce da tiren tumatir a kanta, sai ta rusuna a ƙofar gidansa ta ce, "Baba, ina kwana?" Shi kuma ya amsa kansa a sunkuye.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. In za ka damƙa makomar iyalinka a hannun kamfani, kada araha ko sanayya su ruɗe ka. Ka tabbatar yana da lasisin hukuma, ka tambayi waɗanda ya taɓa biya, kuma kada ka zuba kuɗi a asusun wakili. In kuma wani ya ba ka amanar shawara, ka bincika da gaske, ko ka ce ba ka sani ba. Kunyar faɗin "ban sani ba" ta ɗan lokaci ce, amma alhakin marayu ba ya sauka daga wuyan wanda ya ɗauka.