Jan Biro a Kalandar Hajiya

Akwai wani makanikin injin burodi da ake kira Dogo. Baƙo ne daga wata ƙasa, da matarsa da 'yarsa mai zuwa makaranta. Zamansu duka a kan izinin aikinsa yake.

Mai gidan burodin kuwa, ma'aikata sun raɗa mata Hajiya Sai-da-Takarda. Ba ta da yawan magana, balle fara'a.

Da ta buɗe reshe a wani gari, kowa ya je ya gano, ban da Dogo. Ran nan ya shiga ofishinta karɓar makulli, sai ya ga sunansa a kalanda, an zagaye wata rana da jan biro. Ya fito ya ba abokan aiki labari.

Direban motar burodi, wanda bakinsa ba ya hutu, ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza, Dogo. Ranar sallamarka ke nan. Injin sabon reshe ya lalace, shigo mu je a ɓoye ka gyara, ta ga amfaninka."

Dogo ya shiga mota. Suna kaiwa bakin ƙofar fita suka tarar da Hajiya tsaye.

"Sauko," ta ce.

"Hajiya, taimako zan yi."

"Na ce sauko. Gara injin ya kwana a mace."

Daga ranar ya daina cin abincin da take aiko wa ma'aikata. Ko gaisuwarta sai ya juya ta yana neman ƙaya. Matarsa har ta fara ɗaure kaya.

Ranar jan biro ta zo. Hajiya ta kira shi ta miƙa masa ambulan. Ya buɗe, sai ga sabon izinin aiki, da adireshin rassa biyu a jiki.

"Tsohon izinin yau yake ƙarewa, kuma nan kaɗai ya ba ka damar aiki," in ji ta. "Ranar da ka so zuwa, na san jami'an shige da fice za su duba reshen. Da sun same ka can riƙe da sifana kana gyaran inji, da kai an kore ka daga ƙasar, ni an rufe mini gidan burodi. Wata uku ina sintiri a kan wannan."

Kunya ta rufe Dogo. Ya ce, "Hajiya, me ya hana ki gaya mini?"

"Kai me ya hana ka tambaya? Je ka ce wa matarka ta kwance kayan, yarinya na da makaranta gobe."

Darasi: Mai gidan da ya tsaya kan doka wajen ɗauka da tura baƙon ma'aikaci, asirinsa yake rufa masa. Kafin zargi, a yi tambaya. Ku tura wa mai ɗaukar ma'aikata da wanda ke aiki a ƙasar wasu.