Lallen Ƙofar Baba Gambo

Ku matso kusa, yau gardama na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an raba ta.

An yi wani dattijo, Baba Gambo. Da matarsa Hajjo ta rasu, ɗansa Ilu ya ɗauko shi daga ƙauye ya kawo shi birni, wata sabuwar unguwa da gidajenta duk kai ɗaya, fenti ɗaya, ƙofa ɗaya. Ga idon tsoho ya yi yana, ga mantuwa ta fara taɓa shi. In ya je masallaci sai gida ya ɓace masa. Ran nan a ƙofar wasu mutane aka tsince shi yana ta faɗa, wai an canja masa gida. Ilu bai yi wata-wata ba, ya sayo kwaɗo, ya ce daga yau Baba a ɗaki zai riƙa salla.

Tsoho ya doka sandarsa da ƙasa. "Ilu, ni za ka garƙame kamar akuya? Tun ba a haife ka ba nake sahun gaba. Da ƙafata zan je, da ƙafata zan dawo."

Maganar ta yi masa ciwo har ya ƙi cin tuwo. Da ƙyar aka sasanta: za a yi shuka a bakin ƙofa ta zama masa alama, kafin ta girma a riƙa raka shi. In kuma ya sake ɓata bayan haka, to, sai kwaɗo. Filin kuwa bai wuce shimfiɗar tabarma ba.

Ilu ya jibgo furanni ja da rawaya. Babbar yayarsu Lantana ta zo ta gani, ta dubi layin, kowace ƙofa irinsu ne. Ta ce, "Ilu, idonka ka saya wa fure, ba Baba ba. Idonsa ya tafi, amma hancinsa na nan." Ita ce ta tuna da lallen da Inna Hajjo ta dasa a ƙofar gidansu na ƙauye, wanda in ya yi fure Baba kan ce tun daga gona yake jiyo gida. Aka yi mata dariya, wai wa ya taɓa ƙawata ƙofa da abin ƙunshin mata? Lantana ta kafe, ta ce lalle za a shuka, kuma na Inna.

Ilu ya kama hanyar ƙauye. Ya tarar gidan ya rushe, mai gonar maƙwabta na shirin sare komai. Ya yanko rassa ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, mota ta lalace a hanya, suka bushe. Da wani ne, da ya ce ai ya yi iya yinsa. Ilu ya sake komawa, ya tono ɗan tsiro da ƙasarsa, ya rungumo shi a cinya har birni, fasinjoji na yi masa kallon mai taɓin hankali. Shi ya sayi kwaɗon, amma shi ya fi kowa tsoron ranar da zai ɗana shi.

Sai dai ƙasar wurin ba ƙasa ba ce, ɓaraguzan siminti ne. Auta Marka, wadda ke zaune a gidan, ta tone su da hannunta har ya yi kanta, ta zuba taki da jar ƙasa, ta dasa tsiron. Rani ya zo famfo ya ƙafe, ta riƙa tara ruwan alwalar gidan tana ba shi. Awaki suka cinye ganyen tas, kowa ya ce ya mutu, ta kewaye shi da ƙaya ta ci gaba da ban ruwa har ya sake tofo. Kullum da safe Baba kan laluba ya shafa shi, ya ce, "Kai ma baƙo ne kamata. Ka daure, in daure."

Damina ta zago, lalle ya yi fure. Wata la'asar, bayan an ɗauke ruwa, Baba Gambo ya faki ido ya sulale masallaci shi kaɗai. Da aka idar ya fito, sai ƙofofin nan suka haɗe masa. Ya tuna kwaɗo. Amma ya ƙi kiran kowa. Ya tsaya cak, ya ja numfashi, iska ta kawo masa ƙamshin nan. Ya ce, "Hajjo, ga ni nan." Ya bi shi da sanda, ƙofa bayan ƙofa, har hannunsa ya taɓa ƙayar Marka.

'Ya'yan da suka bazu nemansa suka dawo suka same shi zaune a gindin lalle, yana hawaye yana dariya. Ya sa Ilu ya miƙo kwaɗon, ya jefa a aljihu. Sannan ya ciro zoben azurfar Hajjo da ya daɗe yana ɓoyo, ya ce, "Wanda ya dawo da ni gida, ya miƙo hannu."

Ba wanda ya motsa, kowa na kallon ɗan'uwansa.

To, jama'a, zobe ɗaya ne. Lantana da ta zaɓi furen, Ilu da ya ɗauko shi, ko Marka da ta raya shi: a hannun wa tsoho zai sa shi?